Salgar Makaranta: Kunyar Da Ba Ta Da Amfani

Jama'a, ku yi mini gafara, yau zan ambaci abin da dattijo ba ya son ambata a bainar mutane. Bahaushe ya yi wa wurin nan sunaye da yawa don gudun kiran sunansa: bayan gida, ban ɗaki, makewayi. Mutum ya kan ce zai kewaya, kowa ya gane. Wannan ladabi ne, amma ladabin ya bi mu har ɗakin shawara, inda a ke kasafin kuɗin ginin makaranta, ba mai buɗe baki ya ce, "Ina salga?"

Kada wani ya ce Bature ne ya koya mana salga. Tun kaka da kakanni, a garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi, magidanci ya kan haƙa ta a ƙuryar gida, ya rufe bakinta, ya ajiye buta kusa, gama matan da ke kulle ba su fita daji. Abin da zamanin En'e ya ƙaro shi ne duba-gari, mai leƙa randa da salga, wanda har yau tsofaffi su ke ba da labarin tsoronsa. Watau gida yana da mai shi. Makaranta da kasuwa da tasha kuwa na kowa ne, na kowa fa shi ne wanda ba mai kula.

Na taɓa zuwa duba wata makaranta, ba zan faɗi sunanta ba. Na tarar malam yana koyar da darasin tsabta, ya zana ƙuda a allo, zane mai kyau ƙwarai. Da aka fita tara, sai yara suka nufi bayan katanga, inda ƙudan na gaskiya ke jiransu. 'Yan mata manya kuwa gida suka tafi, waɗansu ba su komo ba sai gobe. To, wane darasi yaron nan zai riƙe, na allo ko na bayan katanga?

Abin ba na wasa ba ne. A 1854 wani likita, John Snow, ya nuna wa mutanen Landan cewa ruwan famfo guda ne ke ɗauke musu da kwalara. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta yi ɓarna a 1971 da 1991, a 2021 kuma ta kashe mutum fiye da 3,000, Jihar Katsina na cikin inda ta taɓa. Hanyarta ɗaya ce: ruwan sama ya kwashi ƙazanta daga fili ya zuba a kududdufi da rijiya, ƙuda ya kai saura kan abinci. Ruwan madatsar Zobe, ko da ya isa kowace unguwa, ba zai raba mu da ita ba muddin hannun mai ɗiba bai wanku ba.

A 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana bahaya a fili, a 2022 aka shaida Jihar Jigawa ta rabu da shi. Madalla. Amma doka ba ta haƙa rami.

Ga roƙona. Malamin ofis da takardar ginin aji ta zo hannunsa ba salga a ciki, ya mayar da ita. Hedimasta ya rubuta a rahotonsa ramuka nawa gare shi, yara nawa. A raba ta mata da ta maza, a nisanta ta da rijiya kamar mita 30, a sa murfi da buta da sabulu, in babu sabulu toka ma ta yi. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita kuwa, da ke nan Dutsin-Ma, ina ganin ya kamata ta riƙa tambayar ɗalibin da ya dawo gwajin koyarwa halin da ya tarar da salgar makarantar.