Ma'aunan Ruwa na Rumawa: A Bar Musu Sunayensu

Ɗalibin fassara da ya ɗauki littafin tarihin Rumawa zai ci karo da kalmomi irin su amphora da congius da sextarius. Sau da yawa yakan kira amphora tulu, ya kira congius galan, ya wuce abinsa. Wannan kuskure ne, domin yana rusa tsarin lissafin da waɗannan sunaye na Latin ke ɗauke da shi.

Tushen ma'aunan shi ne amphora, wadda ake kuma kira quadrantal. Ita ce cikin mazubin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk ƙafa guda ne ta Rumawa, wato kimanin lita 26. Rabinta shi ne urna. Amphora ɗaya tana cin congius 8, congius kuma yana cin sextarius 6. Sunan sextarius kansa daga kalmar "na shida" ya fito, yawansa kuwa ya ɗara rabin lita kaɗan. Ƙasa da shi akwai hemina, rabinsa; da acetabulum, kashi ɗaya cikin 8, wanda asalinsa ɗan kofin ruwan tsami ne; da cyathus, kashi ɗaya cikin 12, ludayin ɗibar ruwan inabi. Mafi girma duka shi ne culeus, babbar salkar fata mai cin amphora 20.

Tulu kuwa ba shi da ƙa'idar girma. Kowane maginin tukwane da irin nasa. Alhali amphora ma'auni ce da doka ta san da ita, har an ajiye ta gwaji a tsaunin Kapitol a birnin Rum. Alal misali, dokar Claudia ta shekarar 218 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) ta hana 'yan majalisar dattawa mallakar jirgin ruwa mai ɗaukar fiye da amphora 300. Duk wanda ya rubuta "tulu 300" ya ɓoye wa mai karatu cewa iyaka ce ta shari'a.

Mai yiwuwa a ce baƙin sunaye suna yi wa Bahaushe nauyi a baki. Amma Hausa ba ta taɓa ƙin baƙon ma'auni ba. Mudu daga Larabci ya zo, galan da lita daga Turanci, duk kuwa sun zauna daram. Daɗin daɗawa, sunayen nan suna ɗauke da tarihi: daga congius aka samo congiarium, kyautar man zaitun ko ruwan inabi da shugabanni kan raba wa talakawa, wadda daga baya ta koma ta kuɗi.

Saboda haka abin da ya kamaci mai fassara shi ne ya bar sunan yadda yake, ya faɗi yawansa da lita a karon farko da ya ambace shi. Sashen Hausa kuma ya dace ya tsayar da yadda za a riƙa rubuta su, domin kada kowa ya yi gaban kansa.