Ko Ana Koyon Kwanciyar Rai Wurin Malami?

Akwai wani littafin hikaya mai suna Siddhartha, wanda wani Bajamushe, Hermann Hesse, ya wallafa cikin 1922. Ya kamata mu da ake horo don aikin malanta mu dube shi da idon basira, gama a cikinsa an yi wa sana'armu babbar tuhuma.

Labarin a ƙasar Hindu ya auku, zamanin Buda. Siddhartha ɗan malami ne, ya sha karatu wurin ubansa, amma ransa bai kwanta ba. Sai ya bar gida da amininsa Govinda, suka shekara uku cikin masu zuhudu suna horon jiki da yunwa. Da suka sadu da Buda, Govinda ya zama almajirinsa. Shi kuwa Siddhartha ya yaba wa'azin, ya wuce abinsa, don a ganinsa abin da Buda ya samu ba ya bayuwa da baki. Daga nan ya faɗa birni, ya yi ciniki, ya yi caca, ya saba da wata karuwa Kamala, har duniya ta gundure shi, ya kusa jefa kansa kogi.

To, in hikima ba ta koyuwa, me ya tara mu nan? Mu dai ba mu yarda ba, littafin kansa kuwa shi ne shaidarmu. Ai wurin wani tsoho mai fito, Vasudeva, ya sami natsuwa, bayan ya daɗe tare da shi suna jan jirgi, yana koyon sauraro. Wannan ba malami ba ne? Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya sani, ladabin da ya ɗauka daga zaman malam bai kasa abin da ya ɗauka daga allo ba.

Inda marubucin ya yi mana gaggawa shi ne batun uban. Maciji ya sari Kamala ta mutu, ta bar masa ɗa. Yaron ya kangare, ya sace kuɗi, ya gudu. Sai a nan Siddhartha ya leƙa ruwa, ya ga kamannin ubansa a fuskarsa, ya tuna baƙin cikin da ya bar masa. Tsohon nan bai sake ganin ɗansa ba, mai littafi kuwa bai gaya mana ko shi ma ransa ya kwanta ba.