Wanda Ya Rasa Aiki, Ƙofar Wa Zai Ƙwanƙwasa?

'Yan'uwa ɗalibai, kowannenmu yana ƙirga kwanakin da suka rage masa ya karɓi digiri, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar ko mene ne hakkin wanda ya rasa aiki a kan hukuma. A Ingila tun 1911 aka kafa dokar inshorar rashin aiki, watau ma'aikaci da ubangidansa da gwamnati kowa ya riƙa zuba ɗan abu a asusu, ranar da aiki ya yanke sai a riƙa ba shi abin sawa a bakin salati na 'yan makonni kafin ya sami wani. Mu kuwa har yau ba mu da irin wannan asusu.

Abin da ya fi kusa da shi yana cikin Dokar Fansho ta 2014. Ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. In aka sallame shi bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, to yana iya neman kashi 25 na abin da ya taru. Sai dai fa a lura, kuɗin nan guzurin tsufansa ne, ba kyautar kowa ba. Kamar manomi ne da yunwa ta sa ya daka irin shukarsa.

Karɓar ma ba ta zo da sauƙi ba. Sai ya kai wa kamfanin fanshonsa takardar sallama, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da hotuna, da lambar katin ɗan ƙasa, da ta asusun banki. In harafi ɗaya na sunansa ya saɓa, sai a ce ya je ya gyaro. Mutumin Tsafe ko Bungudu da aljihunsa ya bushe, shi ne zai yi ta biyan kuɗin mota zuwa Gusau. In kuwa ma'aikatar ta rufe ɗungurungum, wa zai rubuta masa takardar sallamar? Mutanen Gusau, waɗanda suka ga mutuwar masaƙarsu, sun san ma'anar ma'aikata ta rufe.

Duk da haka mai takardar sallama yana da dama-dama. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba wanda ya ba shi takarda, alhali kuwa ya rasa aikinsa. Mu ma da za mu fito gobe ba mu da asusun da za mu taɓa. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986, sana'a take koyarwa. Shirin N-Power na 2016 ya biya masu digiri Naira 30,000 a wata, amma na ɗan wa'adi ne, kuma kaɗan suka samu cikin ɗimbin masu nema. Ciyawar da ake ce wa doki ya jira ke nan.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya ta kafa asusun rashin aiki na gaskiya, dabam da na fansho. Kafin nan, Gwamnatin Zamfara ta buɗe rajistar marasa aiki a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, har da manoman da aka kora, domin wanda ba a ƙirga ba ba a raba masa. Mu kuma ɗalibai kada mu tsaya jira. Ƙungiyarmu ta ware kwanaki a lokacin hutu mu taimaki iyayenmu da yayyenmu wajen cike takardu da gyaran suna tun kafin su hau mota. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Allah ya sa mu dace, amin.