Kafin ka tambayi kyawon hoto, tambayi batir

Masu karatu, kukan da ake yawan ji a bakin masu ɗaukar hoto na ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi har Tibiri, kuka ɗaya ne: kamarar zamani ba ta riƙe wuta. Ana cikin ɗaurin aure ko zanen suna, ango ya gyara babbar riga, dangi sun jeru, sai allon kamara ya yi duhu. Ga mai hoto a Ɗan Kasari, wanda da wannan sana'a yake cefane, lamarin ya wuce dariya. Ɗalibi yana jiran hoton takardun jarrabawar BEPC, dattijo yana jiran na katin shaidar ɗan ƙasa, ranar suna kuwa ba ta dawowa. Wanda ya kunyata mai biki sau ɗaya, baɗi wani za a kira.

Da yawa, in abin ya ishe su, sai su sayar da kamarar su nufi Ƙonni ko babbar kasuwar Yamai neman wata. Can kuma tambayar farko da suke yi wa mai kanti ita ce: megapiksel nawa gare ta? Bayan wata guda sai a tarar tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Shawararmu a wannan mako ita ce a juya tambayar. A ƙasa irin tamu, batir da hanyar cika shi ne ya kamata su zaɓa wa mutum kamara.

Mu fara da dalilin cin wutar. Kamarar da, mai fim, akwai wadda ba ta bukatar pil sai don awon haske. Ta yau kuwa ƙaramar kwamfuta ce. Idonta na ciki da ke karɓar haske yana shan wuta, allon baya yana sha, injin da ke tura gilashi gaba da baya yana sha, fitilar fulash kuma ta fi su duka haɗama. Saboda haka ba ƙarfin wuta kaɗai take bukata ba, tana bukatar a ba ta shi da yawa a lokaci guda.

A nan ne pil ɗin tebur yake ba da kunya. Pil mai araha da ake sayarwa tare da ashana da sukari, irin wanda ake haɗawa da tutiya da gawayi, an yi shi ne don rediyo da tocila, masu shan wuta sannu a hankali. Da kamara ta ja shi da ƙarfi sai wutarsa ta faɗi, kamarar ta ce ya ƙare, alhali in ka sa shi a rediyo zai yi kwanaki yana magana. Kamara mai cin pil irin na AA tana son wanda ake sake cikawa, mai alamar NiMH. Tun shekara ta 2005 kamfanin Sanyo na Japan ya fito da irinsa mai suna Eneloop, wanda ba ya zubar da wuta in an ajiye shi, yau kuma Panasonic ke yin sa. A kula da rubutun da ke jiki: pil AA na gaskiya irin wannan yana tsakanin 1,900 da 2,800 mAh. Wanda aka rubuta wa 4,000 ko fiye, ƙarya aka buga a jikinsa. Araha dai ba ta ado.

Yawancin kamarori kuwa batir nasu na musamman suke ci, irin na litiyom. Shi wannan yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Bayan an cika shi sau ɗaruruwa ƙarfinsa yana raguwa, kuma babban abokin gabarsa shi ne zafi. Takardun yawancin kamarori suna cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40. Kowa ya san watan Afrilu da na Mayu a jahar Doso, lokacin da zafi yake haura digiri 40 da rana tsaka. Batirin da yake yini a cikin akwatin babur, ko a ɗaki mai rufin kwano, ba zai yi tsawon ran da aka yi masa alkawari ba. Don haka, kafin ka yanke wa kamara hukunci, aro ko sayi sabon batir na ainihi ka gwada ta yini ɗaya. Sau da yawa kamarar lafiyarta lau, batirin ne ya mutu. In ya kumbura har yana wuyar fita, a daina aiki da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta.

To, idan sayen wata ya zama dole fa? Akwai lamba ɗaya da ya kamata mai saye ya nema. Ƙungiyar masu ƙera kamara ta Japan, wato CIPA, ta kafa ma'auni guda na gwada batir: a ɗaki mai digiri 23, ana ɗaukar hoto ɗaya kowane sakan 30, ana kunna fulash a hoto ɗaya cikin biyu, ana kashe kamarar bayan hoto 10. Adadin da aka samu shi ake rubutawa a takardar kamara. Ɗan Kasari ba ɗakin gwaji ba ne, saboda haka kada a ɗauki lambar kamar alkawari. Amfaninta shi ne ta ba ka damar auna kamara biyu da mudu ɗaya.

Da wannan mudu bambancin yake fitowa fili. Kamara mai madubi a ciki, wadda ake leƙawa ta ƙaramar taga a ga abin da ke gaba ba tare da allo ba, ta fi tattalin wuta nesa ba kusa ba. Nikon D3500, wadda ta fito a 2018, an rubuta mata hoto 1,550 a cikawa ɗaya. Canon EOS 2000D tana wajen 500. Marasa madubi kuwa, waɗanda idonsu da allonsu suke kunne muddin kamarar tana kunne, sun fi sauƙin ɗauka amma sun fi ci: Sony A6000 tana da 360, Canon EOS M50 kuma 235. Mai hoton da zai kwana biyu yana zagaya ƙauyuka, ko ya kama hanyar Lugu, garin Sarauniya wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, ya san wace lamba ce za ta kai shi ta dawo da shi.

Tambaya ta biyu: da me za a cika ta? A ƙasarmu, mutum kusan ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci. Masu layin Nigelec ma ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar mana, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Kamarar da ba ta cika sai an soka caja a bango, igiyarta tana hannun wasu. Wadda ke karɓar wuta ta kafar USB kuwa, ana iya cika ta da batirin ajiya irin na salula, ko da ƙaramin faifan hasken rana. Tun ranar 28 ga Disamba 2024 dokar Tarayyar Turai ta tilasta sa kafar USB-C a sababbin kamarorin da ake sayarwa a can, abin da zai amfane mu nan gaba. Amma tsofaffin masu madubi da yawa ba su da wannan hanya. Mai sayen irinsu sai ya haɗa da caja ta dabam mai aiki da USB, da batir na biyu.

Tambaya ta uku: ana samun batirinta a kasuwa? A 2010 kamfanonin da ke cikin CIPA sun fitar da kamara fiye da miliyan 120. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba, domin salula ta cinye kasuwar ƙananan kamarori. Ke nan yawancin abin da yake isowa gare mu na hannu ne, an daina ƙera shi, batirinsa kuma ya riga ya ci rabin ransa. Kada ka biya sai ka rubuta lambar batirin, ka tabbatar akwai mai sayar da irinsa a Yamai, ko Maraɗi, ko Sakkwato. Ka sa kuɗin batir biyu da caja cikin lissafi tun farko. In kuɗin bai kai ba, gara ka sauka zuwa kamara mai ƙarancin megapiksel: miliyan 12 ma sun ishi hoton katin shaida da na biki.

Sauran kuma tarbiyya ce ta hannu. A rage hasken allo, a bar al'adar duba kowane hoto bayan an ɗauka, a kashe Wi-Fi, a bar fulash sai inda duhu ya tilasta. A ajiye batir a inuwa, nesa da kwano da injin babur. Wanda za a daɗe ba a taɓa ba, a cire shi daga kamara da wuta kamar rabi.

Mai kanti zai nuna maka girman gilashi da yawan maɓallai, aikinsa ke nan. Kai kuma ka tuna da maganar magabata: ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.