Jami'o'in likitanci masu zaman kansu: Ina rabon mutanen bakin Tafkin Kainji?

A ranar Laraba, 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski da ke Jihar Kebbi. An shafe kwanaki masunta da gwanayen iyo suna tsamo gawarwaki. Mako uku bayan nan, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a wannan ƙaramar hukuma. Hankalin ƙasa ya koma yankin na ɗan lokaci, aka yi ta maganar rigar ruwa da tsaro. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne tambayar da mutumin Warra ko Shanga yake yi wa kansa duk ranar da ciwo ya tsananta: ina likita mafi kusa, kuma awa nawa za a yi kafin a kai gare shi?

Wannan tambaya ce ta dace a auna bunƙasar jami'o'in likitanci masu zaman kansu da ita, domin hujjar da masu kafa su suke bayarwa ke nan, wato ƙasa na fama da ƙarancin likitoci kuma jami'o'in gwamnati ba za su iya ɗaukar duk masu nema ba.

Tarihin abin bai da tsawo. A farkon shekarun 1980 an yi yunƙurin buɗe jami'o'i masu zaman kansu barkatai, har gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta soke su baki ɗaya da doka a 1984. Sai a 1993 wata dokar ta sake buɗe ƙofa, aka kuma jira har 1999 kafin a ba uku na farko lasisi: Igbinedion da ke Okada a Jihar Edo, da Babcock a Jihar Ogun, da Madonna. Dukansu sun shiga koyar da likitanci daga baya, amma a matsayin sashe ɗaya cikin sassa da yawa. Jami'ar da ba ta da wani aiki sai harkar lafiya sabon abu ne. Jihar Ondo ce ta fara kafa irinta a 2015, sannan 'yan kasuwa suka bi sahu: jami'ar Eko a Legas ta samu lasisi a 2017, a shekarar ne kuma aka ba PAMO ta Fatakwal nata lasisin, wadda tsohon Gwamnan Ribas, Dokta Peter Odili, ya kafa, aka kuma naɗa Janar Abdulsalami Abubakar a matsayin uban jami'ar.

Labarin PAMO yana da darasi ga Arewa. Odili likita ne, kuma ya daɗe da asibitinsa kafin ya yi tunanin jami'a. Wato asibiti ne ya haifi makaranta, ba makaranta ce ta tashi neman asibiti ba. Sannan Gwamnatin Ribas ta ɗauki nauyin karatun wasu 'yan asalin jihar a can, abin da ya ba jami'ar ɗalibai da kuɗin shiga tun tana rarrafe, ya kuma ba 'ya'yan da iyayensu ba za su iya biya ba damar shiga. Za a iya yin suka a kan dacewar zuba kuɗin jama'a a makarantar tsohon gwamna, kuma an yi sukar. Amma tsarin ya nuna abu biyu da jami'ar likitanci ba ta tsayuwa sai da su: gadajen marasa lafiya da wanda zai biya.

A Arewa maso Yamma hanyar ta bambanta. Al-Qalam ta Katsina ta fara aiki tun 2005, amma ba a kan likitanci aka gina ta ba. Shekaru da dama, iyayen da ke da hali da gwamnatocin jihohi Sudan suke tura 'ya'yansu, musamman mata, saboda kusancin addini da al'ada da kuma sauƙin kuɗi. Wasu kuma suka tsallaka Maradi, inda Farfesa Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa jami'ar Maryam Abacha a 2013, wadda ke koyarwa da Turanci a ƙasar da Faransanci ne harshen boko, ta kuma jawo ɗalibai da yawa daga Najeriya a fannin jinya da kiwon lafiyar al'umma. A 2021 takwararta ta Kano ta samu lasisi. Jihar Kebbi kuwa sai a 2023 ta samu jami'a mai zaman kanta ta farko, wato Rayhaan da ke Birnin Kebbi.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tilasta kwaso ɗaliban Najeriya, da yawansu ta kan iyakar Masar, wasu suna dab da kammalawa. Sai kuma a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da amincewa da digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Karatu a waje ya zama abin ɗari-ɗari, ga kuma faɗuwar darajar Naira. Kasuwar ta dawo gida, kuma duk mai jari ya gane hakan.

Sai dai lasisin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, shi ne mataki mafi sauƙi. Kafin a yaye likita ko ɗaya, sai Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, MDCN, ta duba ɗakunan gwaje-gwaje da malamai da asibitin koyarwa, sannan ta ƙayyade adadin ɗaliban da za a ɗauka a shekara. Karatun shekara shida ne, rabinsa a gefen gadon mara lafiya ake yin sa, sannan shekara guda ta samun horo a asibiti. Gini ana iya tayar da shi cikin wata goma sha biyu idan akwai kuɗi. Ƙwararren likitan tiyata ko na mata da zai koyar, shi kuwa, sai an yi fiye da shekara goma ana rainonsa. A nan ne matsalar take. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 55,000 ne suke da lasisin aiki a ƙasar nan, kuma kusan 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun da suka gabata. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja. Sabuwar jami'a a wannan shiyya ba daga sama za ta samo malamai ba. Daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ko asibitocin Birnin Kebbi za ta zawarce su. Idan ba a yi hattara ba, sai a rage wa wannan a ƙara wa wancan, a kira shi ci gaba.

Batun kuɗi ma ba ƙarami ba ne. Kuɗin karatun likitanci a jami'a mai zaman kanta miliyoyin Naira ne a kowace shekara. Asusun TETFund ba ya tallafa wa irin waɗannan jami'o'i, haka nan rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Ɗan masuncin da ke tsibiran Yauri, ko 'yar manomin albasa a Shanga, komai hazaƙarsu, wannan ƙofa a rufe take gare su. Wanda kuma mahaifinsa ya sayar da gida ya biya, ba adalci ba ne a yi tsammanin zai tafi Warra ya zauna kan albashin ƙaramin likita. Idonsa na kan Saudiyya ko Ingila, kuma ba shi da laifi.

Alhali kuwa bakin tafkin nan makaranta ce da babu irinta. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tayar da mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, rayuwar Gungawa da Kambari da Sarkawa da sauran mazauna yankin ta ɗaure da ruwa, da arzikinsa da cututtukansa. Tsargiya ta zama ruwan dare ga yaran da ke wanka da kamun kifi. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba, inda kusan rabin yaran da aka gwada suke ɗauke da ƙwayar cutar, shi ya sa aka zaɓe ta tare da Bayelsa don fara allurar rigakafin cutar a Disambar 2024. Ɗalibin da ya yi wata uku a Babban Asibitin Yauri zai ga abin da ba zai gani ba a asibitin kuɗi na birni: macen da aka kawo cikin kwalekwale bayan kwana biyu tana naƙuda, da yaron da jininsa ya ƙare.

A ganina, ba kiran a kafa jami'ar likitanci a Warra ya kamata shugabannin yankin su sa a gaba ba, duk da cewa irin wannan kira yana da daɗin ji a lokacin kamfe. A Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, ko da yake a zaman ta amince da sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara. Ta gwamnati dai ba ta nan tafe, ɗan kasuwa kuma ba zai kai jarinsa inda hanya da tsaro ke da wuya ba. Abin da ke hannu ya fi wannan sauƙi. Gwamnatin Kebbi da ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga za su iya sayen gurabe a jami'o'in da suka samu amincewar MDCN, a ba 'ya'yan yankin bisa yarjejeniyar dawowa su yi aiki na wasu shekaru. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, wadda don irin waɗannan al'ummomi aka kafa ta, tana da hurumin sa hannu. Masarautar Yauri kuma tana da sarkin da ya san sirrin jami'a ciki da waje, domin Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Yarjejeniyar dawowa aiki ba sabuwa ba ce, kuma ta sha rushewa. A 2023 wani ƙuduri a Majalisar Wakilai ya nemi a hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi wa ƙasa aiki na shekara biyar, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca. Tilas ba ta riƙe likita. Abin da ke riƙe shi gida ne mai wuta da ruwa, da ɗakin tiyata mai aiki, da ma'ajiyar jini, da albashi kan lokaci, da tabbacin ba za a sace shi a hanya ba. Duk wata yarjejeniya da gwamnati za ta ƙulla da jami'a mai zaman kanta, ya dace ta ƙunshi ɗaga darajar asibitocin Yauri da Warra zuwa matsayin da za a riƙa turo ɗalibai da malamansu su yi zangon horo a can, sannan a fara da ungozoma da ma'aikatan jinya da masu gwajin jini, waɗanda horar da su ya fi sauri kuma sun fi zama a garuruwansu.