Girman Taya da Rayukan Matafiya a Hanyoyin Ƙonni, Malbaza da Illela

Motar da ta tashi daga tashar Birnin Ƙonni, ko ta miƙe gabas a kan babbar hanya mai lamba 1 ta bi ta Malbaza da Galmi zuwa Maraɗi, ko ta karya arewa a Tsarnawa ta ratsa Badagishiri a gundumar Illela zuwa Tawa, ba ta taɓa ƙasa da komai sai da tayoyinta, kuma wurin da tayar ƙaramar mota ke dafa kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Ta wannan ɗan wuri birki ke kamawa, ta nan kuma sitiyari ke juya mota, amma duk da haka idan taya ta fashe, abin da yawancin masu mota ke tambayar mai faci shi ne ko yana da wadda za ta hau wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, sai kuma nawa ne kuɗinta.

A gefen kowace taya akwai rubutun da ke bayyana girmanta, misali 195/65 R15 91H. Lambar farko ita ce faɗin tayar da milimita, ta biyu tana nufin tsayin bangonta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗi, wato kusan milimita 127, sai 15 da ke nuna faɗin wili da inci, yayin da 91 ke nufin tayar ba za ta ɗauki fiye da kilo 615 ba, harafin ƙarshe kuma iyakar gudunta ne. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna birki da sitiyari ne bisa waɗannan lambobi, shi ya sa a yawancin motoci yake manna su a bakin ƙofar direba.

Babban haɗari shi ne haɗa tayoyi masu girma daban a ƙafafun gaba ko na baya, abin da ba ya wuyar gani a tashoshin yankin. Taya mai 185/65 da mai 205/65 duk suna hawa wili mai inci 15, ido kuma ba ya saurin rarrabe su, alhali ta biyun ta fi ta farko tsayi da milimita 26, har ta kai ƙaramar tana ƙara juyi kusan 20 a kowace kilomita. Motar da aka yi wa irin wannan haɗi tana ja gefe guda, direba yana ta kokawa da sitiyari har ya saba ya ɗauka halin motar ne, sai ranar da jaki ko amalanke ya faɗo hanya ya taka birki da ƙarfi, ƙafa ɗaya ta riga ɗaya kamawa, motar ta karkace.

Akwai masu ɗaga mota da manyan tayoyi domin ta tsallake ramuka da rairayin hanyoyin ƙauye, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce, sai dai doguwar taya tana sa mota ta ƙara kwantawa a kwana, tana kuma sa maleji ya nuna gudun da bai kai na gaskiya ba. Samarin da ke sa babban wili da taya mai gajeren bango domin ado kuwa suna samun sitiyari mai saurin amsawa, amma rami ɗaya ya isa ya kumbura tayar ko ya lanƙwasa wilin.

Inda al'amarin ya fi tayar da hankali shi ne motocin haya, musamman Toyota Hiace da ke jigilar mutane da buhunan albasar Galmi ranakun kasuwa. Tayar da ta dace da irin wannan mota tana ɗauke da harafin C, alamar cewa an ƙarfafa ta domin lodi, kuma 195 R15 C mai lamba 106 tana ɗaukar kilo 950. Idan aka maye gurbinta da tayar ƙaramar mota mai kilo 615 saboda kawai ta hau wilin, to tayoyi huɗu za su ɗauki kilo 2,460 a maimakon 3,800, a motar da ita kaɗai nauyinta ya doshi tan biyu kafin fasinja ko ɗaya ya shiga. Tayar da lodi ya fi ƙarfinta tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, a watannin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, ba a daɗewa take fashewa, kuma fashewar tayar baya a motar da aka tula wa kaya a sama ita ce ke kai ta ga wuntsilawa.

Tayoyin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai sun ƙara dagula lamarin, domin wasunsu na lokacin sanyi ne, waɗanda aka haɗa robarsu domin yanayin da ke ƙasa da digiri 7, wasu kuma sun tsufa ko da zanensu bai cinye ba. Shekarun taya a rubuce suke: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT suna nuna mako da shekarar ƙira, ta yadda 2318 ke nufin mako na 23 na shekarar 2018. Babu mai musun cewa tsadar sabuwar taya ce ke tura direba ga gwanjo, amma ko a gwanjon ana iya zaɓen biyu masu lamba ɗaya, kuma duba lambar ba ya cin ko dala.

Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Ƙonni, Malbaza, Galmi da Badagishiri su hana lodi ga duk motar hayar da tayoyinta ba su da harafin C ko suka saɓa da juna, hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER kuma ta koya wa masu faci karatun waɗannan lambobi da Hausa, jandarmomin da ke kan shinge su kuma su riƙa sunkuyawa suna duba taya kamar yadda suke duba takardun mota.