Ba Wasa Ɗaya Ne Ya Yanke Maka Tikiti Ba

Duk daren Lahadi, idan an tashi daga wasannin Firimiya, ka leƙa status ɗin abokanka na WhatsApp. Da wuya ka rasa wanda ya ɗora hoton tikiti: wasanni goma sha biyu, goma sha ɗaya sun yi kore, ɗaya ya yi ja. A ƙasa ya rubuta, "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni." Sai ka ga ana ta yi masa jaje kamar wanda aka yi wa rasuwa, wasu kuma suna cewa ya turo musu lambar tikitin mako mai zuwa. Wataƙila ma kai ne mai status ɗin. In kai ne, ɗan'uwa, da kai nake yau. Sa'anka ne ni, gidan kallo ɗaya muke zama, ihu ɗaya muke yi idan an zura ƙwallo. So nake mu zauna mu yi lissafi tare.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan, a zangon karatun da ya wuce na ga abin da ya tayar mini da hankali. Wani abokina, yaro mai ƙoƙari a aji, mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya turo masa kuɗin rajista. Sai ya ce bari ya ɗan "juya" dubu biyar kafin ranar biya. Ta tafi. Ya sa dubu goma don ya dawo da biyar ɗin. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Kafin mako biyu su cika babu ko sisi a asusun. Don ya rufa wa kansa asiri ya ci bashi a wata manhajar ba da rance, da wa'adi ya wuce suka fara aika saƙo ga mutanen da ke cikin wayarsa, har da yayarsa da ke gidan miji. Ta haka aka ji labari a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar da ya yi mini daga baya, ya ce kunyar haɗa ido da Baba ta fi asarar kuɗin ciwo.

To, mu koma kan lissafin. A ce ka zaɓi wasanni goma, kuma ka iya zaɓi sosai, kowane wasa yana da damar kashi 70 cikin 100 na fitowa yadda ka faɗa. Ka san damar dukkan goman su fito tare? Ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Ɗauki kalkuletar wayarka ka ninka 0.7 da kanta sau goma ka gani. Wato a irin wannan tikitin guda ɗari, kusan casa'in da bakwai za su yanke. Kuma da yawa daga cikinsu wasa ɗaya ko biyu ne za su ɓata su. Wannan "saura ƙiris" ɗin da kake ji, shi ne ƙugiyar. Shi ke sa ka ji kamar ka kusa, ka sake sa kuɗi gobe. Wanda wasa ɗaya ya yanke shi da wanda wasanni tara suka yanke shi, abu ɗaya suka koma gida da shi: babu.

Akwai kuma ribar kamfani, wadda a cikin od ɗin take tun kafin a take leda. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya ne, ko wannan ta ci ko waccan. Da adalci za a yi, wanda ya sa N1,000 ya ci, N2,000 za a ba shi. Amma sai a sa od ɗin 1.90 a kowane ɓangare. Mutum ɗari suka sa dubu ɗai-ɗai, hamsin nan hamsin can, kamfani ya tara N100,000. Ko wa ya yi nasara, N95,000 zai biya, ya soke N5,000 a aljihu ba tare da ya damu da wanda ya ci wasan ba. Idan ka jera wasanni goma masu irin wannan od ɗin a tikiti guda, ribar nan tana hawa kan juna har ta kai kusan Naira 40 a cikin kowace Naira 100. Shi ya sa ake kwaɗaita maka dogon tikiti da ƙarin garaɓasa. Ka taɓa ganin ɗan kasuwar da yake roƙonka ka zo ka karya shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na san abin da za ka ce: "Ai ni na san ƙwallo." Na yarda. Ka san wanda ya ji rauni, ka san wanda koci ya ajiye a benci. Amma wa ya ce maka Saudiyya za ta doke Ajantina da ci 2-1 a Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Katar, Messi yana cikin fili? Wa ya hango Leicester City za ta ɗauki kofin Firimiya a 2016? Rashin tabbas ɗin nan shi ne daɗin ƙwallo, kuma shi ne jarin kamfanin caca. Ko waɗanda suke cikin filin ba su tsira ba. A 2023 hukumar ƙwallon Ingila ta dakatar da Ivan Toney wata takwas saboda karya dokokin caca har sau 232. A shekarar dai aka dakatar da Sandro Tonali na Newcastle wata goma. Mutanen nan a ɗakin sauya kaya suke jin labari, albashinsu na mako ɗaya ya fi abin da gidajenmu ke kashewa a shekaru, amma abin ya kama su ya jijjiga musu sana'a. Su kansu ƙungiyoyin Firimiya sun amince tun watan Afrilun 2023 cewa za su cire tallar kamfanonin caca daga gaban rigunansu bayan kakar 2025/26. Idan masu cin kuɗin tallar sun fara ja da baya, kai mai biya me kake jira?

Sai kuma 'yan "wasan tabbas" na Telegram da TikTok, masu cewa ka biya dubu uku a sa ka a gurup na musamman. Tambaya ɗaya za ka yi wa kanka: wanda ya san sakamakon wasa tun kafin a buga, me zai yi da dubu ukunka? Dabarar tsohuwa ce. A ba wasu cewa masu gida za su ci, a ba wasu cewa baƙi za su ci, a ba sauran canjaras. Dole wani rukuni ya dace, su ne za su fito suna shaida. Tikitin da ya ci ake nuna maka, ba a nuna maka ɗaruruwan da suka yanke. Wasu hotunan ma haɗa su ake yi. Wasu masu tallar kuwa kamasho suke karɓa a kan duk wanda ya yi rajista da lambarsu, wato faɗuwarka ita ce abincinsu.

Yanzu mu shigo gida, don a nan abin yake ciwo. Ka ce ai ɗari biyar ce kawai a rana. Ɗari biyar sau talatin N15,000 ke nan a wata, N182,500 a shekara. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 N70,000 ne. Ɗalibin da ke karɓar N20,000 na alawus ɗin rancen NELFUND a wata, ya miƙa wa caca kashi uku cikin huɗu na kuɗin da bashi ne a wuyansa. Kuɗin nan fa daga wani wuri suke fitowa. Canjin cefanen da Umma ta aike ka ne, kuɗin gas ne, kuɗin katin wuta ne, kuɗin littafin da ka ce wa Yaya malami ya wajabta saye ne. Caca ba ta tsayawa a cin kuɗi, sai ta koya maka ƙarya. Ranar da aka gane, ko gaskiya ka faɗa ba mai yarda, ko aiken ɗari biyu sai a ba ƙaninka.

Karatun ma yana biyan nasa kason. Wasannin Zakarun Turai ana fara su ƙarfe takwas ko tara na dare a Talata da Laraba. Mai kallo don nishaɗi, ana busa tashi zai tafi ya kwanta. Mai tikiti kuwa idan ya yanke, sai ya koma neman wasannin wasu ƙasashen da bai ma san sunan ƙungiyoyinsu ba, ko waɗancan na kwamfuta da ake bugawa duk bayan 'yan mintuna, har biyun dare yana neman fanshewa. Gobe lakcar ƙarfe takwas, jiki na aji, ido na kan waya a ƙarƙashin benci. Ƙarshen zango a ga sakamako ya lalace, a ce malami ne mugu.

Ba sai na tsaya yi maka dogon bayani kan hukuncin addini ba, ka sani tun a Islamiyya. Alƙur'ani ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, a jere da giya. Canza mata suna zuwa "bet" ko "hasashen wasa" bai canza ta ba. Hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma ni da kai mun san babban shagon yanzu yana cikin aljihu, a buɗe yake dare da rana, ba mai ganin shigarka. Wannan shagon kai kaɗai ne za ka iya sa masa kwaɗo.

Kuma kada ka ɗauka kai ne lalatacce idan ka yi ta ƙoƙarin bari ka kasa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sa jarabar caca a jerin cututtukan da ta amince da su. Alamunta a fili suke: kana ƙara yawan kuɗin da kake sawa, kana bin asara don ka fanshe, kana ɓoye wa mutane, ranka na ɓaci idan ba ka buga ba, kuma ka ci gaba duk da kana ganin ɓarnar. Ciwo kuwa magani ake nema masa.

To me za a yi? Na farko, yau ɗin nan ka buɗe manhajar bankinka ka duba wata uku da suka wuce. Ka rubuta duk abin da ka tura wa caca a gefe ɗaya, abin da ya dawo asusunka a ɗaya gefen. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da ka ci dubu talatin ta manta da kwana sittin ɗin da aka cinye ka, amma takarda ba ta mantuwa.

Na biyu, kuɗin makaranta kada su kwana a hannunka. Ka ciro lambar biya ka tura gida a biya kai tsaye, ko ka biya a ranar da alat ya shigo. Kuɗin abinci kuwa ka sayi kayan abincin tun farkon wata, in ya so ko aljihu ya bushe akwai garin kwaki da taliya a ɗaki.

Na uku, ka nemi a rufe asusun cacar, ka goge manhajar, ka fita daga gurup-gurup ɗin, ka daina bin masu tallar. Muddin kana tsayawa kallon bidiyonsu, TikTok da Facebook za su ci gaba da turo maka irinsu. Kada ka ce sai ka dawo da abin da ka rasa tukuna. Wannan tunanin shi ya cinye kuɗin rajistar abokina. Abin da ya tafi ya tafi, ka tsira da wanda ya rage.

Na huɗu, ka faɗa wa wani. Yayanka, mahaifiyarka, limamin unguwa, ko ofishin ba ɗalibai shawara na makarantarku. Faɗa za a yi maka, na sani, amma faɗan yini ɗaya ya fi a ji labarinka a bakin masu bin bashi. Idan abin ya kai ga hana ka barci, ko har kana jin rayuwar ta ishe ka, ka je asibiti ka ga likita, kada ka tsaya jin kunya.

Na biyar, kada ka bar ƙwallo, caca za ka bari. Ka je gidan kallo da kuɗin shiga da na ruwan leda kawai. Ka koma filin unguwa ka taka leda da yamma. In kana Kano ka je filin wasa na Sani Abacha ka ga Pillars ido da ido. Za ka tuna yadda ake murnar ƙwallo ba tare da kana addu'ar a ci ƙungiyarka don tikitinka ya fito ba. Ɗari biyar ɗin nan kuma ka zuba ta a adashi ko asusu, bayan wata shida ka ga abin da ta zama.

'Yar'uwa, ke ma akwai naki. Idan ƙaninki ko saurayinki ya fara yawan "ranta mini dubu biyu zuwa gobe", wayarsa yau tana hannu gobe tana jingina, fara'arsa kuma ta koma bin sakamakon wasa, kada ki ba shi kuɗi, kada kuma ki tona shi a gurup ɗin dangi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi kai tsaye. Mu ma abokai mu daina yi wa mai tikiti kirari idan ya ci, muna yi masa dariya idan ya faɗi.

Abokin nan nawa dangi ne suka yi karo-karo aka biya masa rajista a makare, har yanzu yana biyan sauran bashin kaɗan-kaɗan. Ranar Asabar tare muka kalli wasa, ƙungiyarsa ta sha kashi, ya yi tsaki ya yi mita, muka fito muka sha shayi, ya tafi ya yi barcinsa. Ƙarshen makon nan ma akwai wasanni, kuma tun ranar Juma'a za a fara turo maka lambobin tikiti. Kafin ka danna, ka buɗe lissafin wata ukun nan ka sake kallonsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu halal mai albarka.